Sanarwa Game da Gonar Gandu da Ke Gaban Kotu

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. Kamar yadda kuka sani, mutumin da marigayi Baba ya ba hayar gonarmu ta bakin rafi ya ƙi tashi bayan cikar wa'adi, yana iƙirarin cewa sayar masa aka yi, kuma maganar tana gaban kotu. Lauyanmu ya bayyana cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka abin da za mu tabbatar shi ne haƙƙinmu na riƙe gonar tun kaka da kakanni. Abin da ya fi damuna shi ne yarjejeniyar ta baka ce, kuma biyu daga cikin shaidunta sun rasu. Don Allah, duk wanda ke riƙe da rasiɗin kuɗin haya, takardar dagaci ko ta rabon gado, ya miƙa ta ga Kawu kafin Juma'a. Kada kowa ya shiga gonar ko ya yi sa-in-sa da mutumin har alƙali ya yanke hukunci.