Wasiƙa zuwa ga Abba, kan dogo da hanyoyin fatake

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan karatunka a Zariya. Mu nan Sakkwato lafiya lau, sai zafin bazara. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na ji ka zaɓi tarihin jirgin ƙasa a Arewa don aikinka na kammala digiri, har ka fara tara littattafai. Allah ya yi albarka. Sai dai wata magana da ka yi ta tsaya mini a rai, wai tunda dogo bai taɓa zuwa Sakkwato ba, garinmu ba shi da gurbi a aikin naka. Ban yarda ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Gaskiya ne bai zo ba. Dogon da aka fara shimfiɗawa daga Baro, a bakin Kwara, a 1907, ya isa Kano a 1911. Reshen da ya nufo mu ya tashi daga nan Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya ja birki a Ƙaura Namoda a 1929. To, me ya tsayar da shi a can? Wannan tambayar ita ce aikinka. Bature bai shimfiɗa dogo don sada zumunci ba. Gyaɗa yake nema da auduga da fatu, da kuzar ƙasar Jos, inda ya ga kaya za su cika tarago nan yake kai ƙarfe. Fatun jan akuyarmu sai dai a ɗora wa jaki da raƙumi, daga baya a loda wa babbar mota, a kai tashar Gusau. Haka Gusau ta cika da kantuna da baƙi, ciniki ya karkata gabas, wasu kasuwannin da suka yi suna a dā suka yi sanyi. Wanda dogo ya tsallake ma dogo ya taɓa shi.

Littattafan da kake tarawa ka karance su da kyau, ban hana ba. Za su ba ka yawan mil, da kuɗin da aka kashe, da sunan injiniya. Ba za su ba ka sunan talakan da aka ce dagacinsu ya kawo shi aikin diga ba, ya bar gonarsa ya tafi ɗaukar ƙasa a kwando. Wannan yana bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Kuma kada ka ɗauka tafiya ta fara ne ranar da jirgi ya yi kuka. Kafin dogo, Sakkwato ce ake nufowa. Ka duba sunayen ƙofofinmu kawai: Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, kowace da hanyar da ta buɗe wa. Ayarin goro yakan haɗu a Jega, ya gangara Yawuri, a yi fito a Kwara, a ratsa ƙasar Bargu har Salaga ta Gwanja. Jagaba yana gaba, madugu na riƙe da maganar ayari, shi ke sasantawa da sarakunan hanya, shi ke cewa ga inda za a ya da zango. Tafiyar wata da watanni ce, wani a bar shi a hanya. Ta gabas kuma ga dajin Gundumi, wanda matafiya ke tsoro saboda ƙishirwa da mahara. Bature matafiyi Clapperton ya zo daga Kano a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Bello, ya sake dawowa, ya mutu kusa da nan a 1827. Wani Baturen, Barth, ya sauka Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Rubuce-rubucensu za su taimake ka wajen jera zango bayan zango, amma ka tuna baƙi ne, ɗan gari ne ya nuna musu hanya, kuma sau da yawa sun karkace sunayen garuruwa. Ka haɗa su da Infaƙul Maisuri na Bello, ka shiga ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a nan gida, ka leƙa ma'ajiyar takardun gwamnati ta Kaduna ka nemi fayilolin lardin Sakkwato.

Sai tatsuniya, wadda na san 'yan boko kan raina. Frank Edgar ya buga kundin tatsuniyoyin Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da yawansu kuwa malaman Sakkwato ne suka rubuta su da ajami. A ciki da wajen littafi za ka ji fatake, da kura a gefen zango, da Gizo yana damfarar matafiyi. Ba tarihi ba ne, amma suna nuna maka abin da mai tafiya ke tsoro da abin da yake ɗauke da shi. Ka dai raba su: tatsuniya daban, labarin baka daban, abin da takarda ta tabbatar daban. Labaran da ake bayarwa kan Kanta, Sarkin Kabi, da ginin ganuwar Surame, ka rubuta su yadda aka faɗa, ka sa sunan wanda ya faɗa maka da garin da ranar.

Goggonka ta Wurno tana da su fal, kuma kakanta bafatake ne. In ka je, ka riƙa mata goro, ka bari sai bayan isha'i, in ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida yara sun kewaye ta. Kada ka cusa mata waya a baki. Ka nemi izini, ka ajiye ta gefe, ka amsa "ta zo mu ji ta" tare da yara. In ta ce "shina tahiya", ka rubuta "shina tahiya", kada ka gyara mata zuwa Hausar Kano.

Na riga na aika mata cewa kana tafe da hutu. Idanunta sun yi rauni bana, don haka kada ka ɗaga zuwan. Ka sanar da ni ranar da za ka taso in turo kuɗin mota, ka kuma taho da littattafan, ina son in duba taswirar reshen Ƙaura.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
daga Sakkwato.