A Duba Batun Tayoyin Daji a Kan Kwalta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin hukuma a kan wani abu da yake neman zama ado a titunanmu, wato sanya wa motoci da babura manyan tayoyin da aka ƙera domin laka da rairayi, sannan a hau kwalta da su ana sheƙa gudu.

Kwanan baya ina zaune wurin mai faci, sai wani matashi ya kawo babur mai taya irin mai manyan haƙoran nan. Da aka kwantar da ita sai na ga haruffan NHS a gefenta, waɗanda ma'anarsu ita ce kamfanin da ya ƙera ta da kansa ya ce ba ta hawa titi ba ce. Na nuna masa, ya ce shi dai kyanta ya gani ya saya, kuma ba wanda ya taɓa tare shi a kanta.

Haƙoran nan an yi su ne domin su nutse cikin caɓi su kama ƙasa. A kan kwalta babu inda za su nutse, saboda haka kan haƙoran kaɗai ke taɓa titi, birki ba ya kamawa da wuri, musamman idan an yi yayyafi, kuma tayar tana saurin ɗaukar zafi idan tafiya ta yi nisa. Wasu kuma sukan ƙara ƙarfe su turo tayar waje har ta wuce jikin mota, ta riƙa watsa wa na baya tsakuwa. Babur mai ƙafa huɗu ya fi tayar mini da hankali, domin a yawancinsu ƙafafun baya a kan sanda ɗaya suke juyawa tare, don haka idan aka sha kwana a kan kwalta sai ya nemi kifewa, ga shi kuma yara ake miƙa wa shi ranar Sallah da ranar ɗaurin aure, ko hular kwano babu.

Ba ina cewa a takura wa manomi ko ɗan kasuwar ƙauye ba ne, wanda a-kori-kurarsa ba za ta fita daga hanyar burji da damina ba sai da taya mai kaurin zane. Akwai tayoyin da aka amince su hau titi su kuma shiga daji, kuma a jikinsu akwai harafin da ke nuna iyakar gudunsu. Q, alal misali, tana nufin kilomita 160 a awa ɗaya.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta yi ƙoƙari wajen koya wa direbobi karanta lambobi huɗun nan da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera taya. Ina roƙonta, tare da jami'an VIO da KAROTA a nan Kano, su yi irin wannan wayar da kai a rediyo da harshen Hausa, su fayyace tayar da doka ta yarda a hau titi da ita, su fara da dilolin taya da masu faci kafin su fara kama mutane a hanya.

Wassalam.

Wani mai karatu,
daga Kano.