Sanarwa: hirar Asabar kan waƙa da lissafi

Salam ƴan uwa, Asabar ɗin nan bayan isha'i za mu tattauna kan rubutacciyar waƙa da lissafi, don Allah kowa ya hau onlayin da wuri.

Za mu fara da Khalil bin Ahmad na Basra, wanda tun ƙarni na 8 ya tsara karuruwan (wato ma'aunan) waƙar Larabci guda 15 cikin da'ira 5, kuma da yawansu ne marubutanmu suka ɗora waƙoƙin ajami a kai, ana rerawa ana ƙirga gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Sai ramzi, yadda malaman Sakkwato ke ɓoye shekarar kammala waƙa cikin haruffa, kowane harafi da lambarsa, wannan ya fi burge ni wallahi.

Mai tsohuwar waƙa a gida ya turo hotonta mu warware tare. Banda dogon odiyo!