Ƙaramin jirgin sama ma jirgi ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan harkar jiragen sama a Kano, kuma kun yi ƙoƙari, sai dai daga farko har ƙarshe maganar Boeing da Airbus da jigilar alhazai kuka yi. Ni makanike ne a Ƙofar Ruwa, ban taɓa tuƙa jirgi ba, amma sha'awar inji ta sa na daɗe ina bin labarin ƙananan jirage masu farfela ɗaya, kuma ina ganin kun tauye musu haƙƙi. Jiragen farko da suka sauka a garin nan a 1925, guda 3 na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar, kowanne mutum 2 kawai yake ɗauka.

A ɗauki Cessna 172, mai kujera 4, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1956. An ƙera fiye da 44,000, babu jirgin da ya kai shi yawa a duniya. Asalinsa Cessna 170 ne, mai ƙaramar taya a jela. Da aka mayar da tayar nan gaba, ƙarƙashin hanci, sai sauka ta yi wa ɗan koyo sauƙi, kasuwa ta buɗe. Daga nan aka yi ta sauya masa kama: akwai mai naɗe tayoyi in ya tashi, akwai wanda ake ɗaura wa kwale-kwale biyu ya sauka kan ruwa, akwai na horar da soja, har a Faransa an ƙera shi. A 1986 aka dakatar da shi, sai bayan shekara 10 aka koma.

Injinsa ne ya fi ɗaukar hankalina. Na farko silinda 6 gare shi, a 1968 aka koma Lycoming mai silinda 4 a kwance, biyu dama biyu hagu, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto. Duk wanda ya taɓa kwance injin tsohuwar Volkswagen Bitil zai gane shi da kallo ɗaya. Bambancin da ya burge ni shi ne kowace silinda fulogi 2 ne da ita, kowanne da hanyar wutarsa daban, kuma ba su dogara da batir ba. Dalilin a fili yake, a sama babu gefen titi da za ka faka ka kira yaron gareji.

Mu ma fa mun taɓa gwadawa. A Kaduna aka haɗa Air Beetle, mai kujera 2, wanda aka samo daga jirgin Amurka RV-6A, kuma sojan samanmu suka karɓi kusan 60 don koyar da matuƙa. Yau tambayi matasa goma a Kantin Kwari ko sun taɓa jin sunansa.

Babban ƙarfen ƙafar waɗannan jirage a ƙasar nan shi ne mai. Injin fistan na jirgi yana shan wani fetur na musamman mai dalma a ciki, ga tsada ga wuyar samu. Shi ya sa na ji daɗi da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta kawo Diamond DA40 da DA42 na ƙasar Ostiriya. Injinsu irin na dizal ne, tushensa injin motar Marsandi, kuma kananzir ɗin manyan jirage yake sha, wanda ake samu a filin Malam Aminu Kano. Ga makanike irina wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Kuma amfaninsu bai tsaya ga makaranta ba. Manomin shinkafa a Kura ko Haɗejiya ya san cewa ranar da tsuntsayen jan-baki suka sauka a gona, ƙaramin jirgin feshi ake roƙon gwamnati ta turo.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku tura wakilinku Zariya ya zauna da injiniyoyin da ke gyaran waɗannan jirage, ya tambayo mana hanyar da yaron da ya iya kwance inji a gareji zai bi ya samu lasisin taɓa na jirgi. Ina da irinsu guda biyu a hannuna.

Naku,
Wani makanike,
Ƙofar Ruwa, Kano.