Littafin Zuriyar Dawakinmu Ba Abin Dariya Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na daren Lahadin da ta gabata, kuma ba zan ɓoye maka ba, tun daga wannan dare raina bai kwanta ba. Ni ɗan ƙungiyar masu dawakin Larabawa ne ta yankinmu, ina kuma cikin waɗanda suka tarbi ma'aikatanku ranar baje kolinmu na shekara, muka zagaya da su barga-barga har rana ta faɗi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda kuka yi da littafin zuriya. Sakatarenmu, dattijo mai furfura, ya zauna da wakilinku kusan sa'a guda yana buɗe masa littafin shafi-shafi, amma da shirin ya fito sai muka ga an nuna hannunsa kaɗai yana juya takarda na 'yan daƙiƙu, mai gabatarwa kuma yana murmushi yana nuna wa masu kallo cewa mu mutane ne da wadata ta yi wa yawa, har muke zama mu rubuta wa dabba sunayen kakanninta. Daga nan aka koma kan dawakin da aka yi wa wanka aka taje musu geza, aka cinye sauran lokacin a kansu.

Malam Edita, bari in gaya maka abin da ya kai ni ga wannan littafi, domin ni ma a da ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Kafin in shiga ƙungiya na sayi wata goɗiya kili, ita ce dabbar farko da na mallaka da guminna. Wanda ya sayar mini ya haɗa mini da takardar asalinta, na ninke na jefa a akwati ban ko karanta ba. Da ta isa barbara sai na kai ta wurin wani ingarma da ya burge ni, mai dogon wuya da ɗagaggiyar wutsiya, ban tambayi kowa ba, domin a ganina kyakkyawa da kyakkyawa ba za su haifi abin takaici ba. Na yi jiran wata 11. Ta haihu da tsakar dare, ina tsugune a gefe da fitila a hannu, kuma sa'a ba ta cika ba dukushin ya miƙe a kan siraran ƙafafunsa yana tangaɗi, ya laluba hantsar uwarsa ya sha dakashi. Wata biyu na farko babu abin da ya dame shi, yana tsalle yana zagaya uwarsa, 'ya'yana suna rige-rigen kai masa hannu ya shinshina. Sai tari ya fara, sai majina, sai zawo. A yi masa allura ya ɗan farfaɗo, bayan kwana kaɗan ciwon ya dawo fiye da da. Bai cika wata biyar ba ya mutu, da asuba, kansa a kan cinyata. Uwar ta yi kwana uku tana haniniya tana leƙen ƙofar barga, hantsarta ta cika ta yi tauri, sai da na riƙa tatse ta da hannuna don ta samu sauƙi. Har yau idan na tuna wannan haniniya sai na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro.

Likitan dabbobi ne ya gaya mini sunan cutar, SCID, wadda aka sani a jinin dawakin Larabawa. Dukushin da ya gaje ta ana haifarsa ne ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan. Abin da ya riƙe nawa a watannin farko kariyar da ya samu ce daga dakashin uwarsa, da ta ƙare kuwa, kowace ƙaramar cuta ta samu ƙofa a buɗe. Uwa da uba duka lafiyarsu ƙalau, ba ka ganin komai a jikinsu, amma kowannensu yana ɗauke da rabin abin a ɓoye, kuma idan aka haɗa masu ɗauke da shi biyu, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu cewa dukushin zai fito da cutar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da likitan ya ce tun shekarar 1997 akwai gwajin ƙwayoyin gado (DNA) da ke nuna dokin da ke ɗauke da ita. Ashe abin da ya kashe mini dabba, 'yan silin gashi da aka tsige daga geza sun isa su hana shi faruwa.

Likitan ne ya tura ni wurin wannan dattijo da kuka nuna hannunsa. Na ciro takardar nan daga akwati na kai masa. Ya sa tabarau, ya buɗe littafi, ya bi layin goɗiyata da yatsa, sannan ya juya ya bi na ingarman, sai ga su sun haɗu a kaka ɗaya, kuma a gefen sunan kakan akwai alama da jan biro. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce da na zo kafin barbarar, da cikin minti biyar ya gaya mini in nemi wani ingarma. A ranar na cike takardar shiga ƙungiya.

Wannan shi ne littafin da aka mai da abin raha a gidanku. Duk dukushin da aka haifa a hannun ɗan ƙungiya, sai an je an gan shi yana bin uwarsa, a rubuta ranar haihuwa da sunan uwa da na uba, a zana farin goshinsa da farin ƙafafunsa a kan hoton doki da ke jikin takarda, a sa alama a duk inda gashinsa ya murɗe, sannan a tsigi gashi da saiwarsa a aika gwaji don a tabbatar uban da aka ambata shi ne uban. Ana yin wannan wahala ne domin launi kaɗai ba ya isa shaida: dokin da zai zama kili ana haifarsa da duhun gashi, sai ya yi ta haske shekara bayan shekara, ta yadda wanda ya gan shi yana dukushi ba lalle ya gane shi ba idan ya girma. Sakamakon gwajin cututtukan gado kuma ana rubuta shi a gefen suna. Dokin da aka samu yana ɗauke da cutar ba a yar da shi, sai dai a haɗa shi da wanda ba ya ɗauke da ita, jininsa ya ci gaba, dukushi kuma ya rayu. Goɗiyata tana cikin irin waɗannan, kuma bayan wancan rashi ta haifa mini lafiyayyu biyu.

Ba mu muka ƙago wannan aiki ba, kuma dattijon ya bayyana wa wakilinku haka. Larabawan ƙauye na hamada sun riƙe asalin dawakinsu da ka, suna bin sa ta wajen uwa, shi ya sa har yau ake kiran zuriyoyi irin su Kuhailan da Saƙlawi da Ubayyan da Hamdani da Hadban. Abbas Pasha, wanda ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854, ya aika mutane cikin ƙabilu suka rubuto asalin dawakin da ya tara. Lady Anne Blunt da mijinta Wilfrid sun kafa gidan kiwo na Crabbet a Ingila a 1878 da dawakin da suka samo a hamada, gidan kiwo na Janów Podlaski a Poland kuwa yana nan tun 1817. A 1970 aka kafa WAHO, ƙungiyar dawakin Larabawa ta duniya, wadda ke duba littattafan zuriya na ƙasashe ta amince da su, kuma duk wani ƙaramin littafi irin namu burinsa ya tsaya a kan gaskiyar da za ta sa a yarda da takardunsa a matakin duniya. Hatta dawakin tseren Ingila da duniya ke kallo, littafin da James Weatherby ya fara fitarwa a 1791 ne ya riƙe su, kuma ta wajen uba dukansu suna komawa ga ingarmu uku, ɗaya daga ciki shi ne Darley Arabian da aka sayo a Halab a 1704. Ko kalma ɗaya daga cikin wannan ba ta shiga shirinku ba.

Sannan maganar wadata da aka jingina mana. Ban ce babu masu hali a cikinmu ba, ban kuma ce babu masu son a gani ba, domin ranar baje koli kowa yana so dokinsa ya yi fice. Amma yawancinmu doki ɗaya ko biyu gare mu, akwai malamin makaranta, akwai direba, akwai ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, kuma da yawa sai sun rage wani abu a gida kafin su cika kuɗin ƙungiya. Shi kansa sakataren ba a biyansa ko sisi. Na ga ranar da wani babba a cikinmu ya kawo dukushi a yi masa rajista, gwaji ya dawo ya nuna uban da ya ambata ba shi ba ne. Aka yi ta lallashin dattijon nan ya kau da kai, har wasu suka daina gaishe shi na ɗan lokaci, amma ya rufe littafinsa ya ce ba zai sa hannu a kan abin da wani zai dogara da shi bayan shekara ashirin ya yi asara ba. Mutumin da ya yi wannan shi ne kuka yanke maganarsa kuka bar hannunsa.

Da wakilinku ya dawo wata rana da ba ta ado ba, da ya ga ƙungiyar da kanta. Doki ba ya iya amai, shi ya sa ciwon ciki yake kashe shi da sauri, kuma idan ya kama na wani da dare, waya ɗaya ta isa ka ga mutum uku ko huɗu sun iso da fitilu, ana karɓa-karɓa wajen riƙe ragama ana zagayawa da shi a hankali har likita ya zo. Ni an yi mini, ni ma na yi wa wasu. Mai yankan kofato muna haɗa masa zagaye duk mako shida zuwa takwas, don wanda yake nesa da doki ɗaya kada a ƙi zuwa wurinsa. Ranar Asabar yara suna zuwa, kuma ba mai taka likkafa sai ya iya kwashe kashin barga, ya iya ɗaga ƙafar doki ya share kofato, ya san yadda ake ɗaura majayi ba tare da ya ji wa dabba ciwo ba. Muna yin doguwar tafiya a kan dawaki, ba ta kai kilomita 160 da ake yi a rana ɗaya a manyan gasannin duniya ba, amma muna bin ƙa'ida iri ɗaya, wato a kowane zango likita ya auna bugun zuciyar doki, wanda bai sauka ba a tsayar da shi ko da mai shi ne a gaba. Da wani ɗan ƙungiya ya rasu bara, mu muka raba kwanaki muna ciyar da dawakinsa har iyalinsa suka natsu suka yanke shawara, kuma littafin nan ne ya sa ba wanda ya iya taya su da arha, domin asalin kowace dabba yana rubuce. Duk wannan an gaya wa ma'aikatanku, na ji da kunnena.

Tun da shirin ya fita, abokan aikina suna tare ni suna tambaya ko na haddace sunan kakan dokina na bakwai. Wannan ba ya damuna sosai. Abin da ya dame ni shi ne wani saurayi da muka daɗe muna jan hankalinsa ya kawo goɗiyarsa a gwada kafin barbara, yanzu ya ce ba ya so a sa shi cikin masu abin dariya. Idan ya haɗa ta da ingarman da bai dace ba, shi zai zauna da fitila yana kallon abin da na kalla. Dattijon kuma, wanda ya sa 'ya'yansa da jikokinsa suka taru don su gan shi a talabijin, bai ce uffan ba a taronmu na jiya, ya dai karanta bayanin taron baya ya zauna.

    

Abin da nake nema a wurinka, Malam Edita, shi ne ka sa a nemo hirar da aka yi da sakatarenmu a saka ta yadda ya yi ta, ko da minti goma ne, musamman wurin da ya yi bayanin gwajin cututtukan gado, domin akwai masu dawaki da yawa a cikin masu kallonku da ba su taɓa jin labarinsa ba. Ina kuma so mai gabatarwar ya faɗa da bakinsa cewa abin da ya nuna game da littafin bai yi daidai ba. Idan kuna son ganin yadda ake rajista, muna fita zagayen duba dukusai ranar Asabar ta farkon kowane wata, kuma ni da kaina zan zo in ɗauki wakilinku. Goɗiyata ma tana da ciki, saura wata biyu ta haihu, idan Allah ya sauke ta lafiya ana iya farawa daga bargata.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka mai kallon shirye-shiryenku,
Wani ɗan ƙungiyar masu dawakin Larabawa