Fedar tremolo mai araha: a gwada da kunne kafin a biya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka in yi magana da matasan da suka rungumi jitar lantarki, musamman masu neman fedar tremolo, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa don sarrafa sautin jita, alhali aljihu ba nauyi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake tsorata masu koyo cewa sai sun zuba maƙudan kuɗi kafin su samu sauti na kirki. A wasu na'urorin maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ban da tremolo. Aikinta ɗaya ne tak, kayan cikinta kaɗan ne, kuma mai araha tana yin aikin daidai in mai saye ya san wuraren da ake tuntuɓe.

Daga sunan ma ake fara ruɗewa. Tremolo ita ce ƙarar sauti ta riƙa hawa tana sauka a kai a kai, kamar a ce wani ya kama maɓallin ƙarar rediyo yana murɗawa gaba da baya ba tsayawa. Muryar tsirkiya tana nan yadda take, ƙarfinta ne ke kaɗawa. Vibrato kuwa muryar ce da kanta ke lanƙwasawa, ta ɗan yi sama ta ɗan yi ƙasa. Kamfanin Fender na Amurka ne ya cakuɗa su: a 1954 ya fito da jitar Stratocaster da ɗan ƙarfen hannu mai lanƙwasa murya, ya kira shi tremolo, sannan a jikin amfilifayoyinsa da yawa, wato akwatunan da ke ƙara wa jita murya, ya rubuta Vibrato a kan abin da tremolo ne zalla. Don haka mai saye ya faɗa wa mai kaya a fili cewa feda yake nema ta takawa da ƙafa, mai kaɗa ƙarar sauti.

A cikin kowace irin wannan feda akwai ɗan sashen lantarki da ke bugawa a hankali kamar bugun zuciya, masu gyara suna ce masa LFO, shi ke umartar ƙara ta hau ko ta sauka. Maɓallin da aka rubuta wa Rate ko Speed shi ke saita saurin bugun, yawanci daga kusan sau ɗaya zuwa sau goma ko fiye kaɗan a daƙiƙa. Wanda aka rubuta wa Depth ko Intensity shi ke saita zurfin saukar. Duk fedar tremolo tana da waɗannan biyun. Bambancin yana wajen na uku da na huɗu.

Babbar cutar fedoji masu araha, har da wasu masu tsada, ita ce faɗuwar ƙara. Mutum yana kiɗa lafiya, ya taka feda, sai jitarsa ta nutse ƙarƙashin ganga da bes kamar an janye ta baya. Da yawa sukan ɗauka fedar ce ta lalace, alhali lissafi ne. Tremolo ragewa take yi. In ƙololuwar kaɗawar ta tsaya daidai da ƙarar jita ta asali, to duk sauran lokacin sauti yana ƙasa da haka. A ce an kai zurfi ƙarshe kuma kaɗawar mai yankewa ce, rabin lokaci sauti, rabin lokaci shiru: ƙarfin ya ragu da rabi ke nan, wato desibel 3 a ma'aunin ƙarfin sauti. In kaɗawar mai gangarowa ce daga sama har ƙasa, asarar takan kusanci desibel 5. A ɗaki kai kaɗai ba za ka damu ba, amma cikin ƙungiya kunne yana kama wannan nan take. Maganinsa shi ne maɓallin ƙara a jikin fedar, wanda ake rubuta wa Volume ko Level, don a ɗaga ƙololuwar ta ɗan wuce ƙarar asali. A ganina, in feda biyu suna kusa a farashi, ɗaya tana da wannan maɓalli ɗaya ba ta da shi, a ɗauki mai shi ba tare da dogon tunani ba. Wasu kamfanonin sukan ɓoye ɗan mitsitsin maɓalli a ciki wanda ake juyawa da ƙaramin sukudireba, saboda haka a duba takardar da ta zo da kayan. Boss TR-2, wadda ta fito a 1997 kuma har yau ake sayar da ita, maɓallanta uku ne, Rate da Wave da Depth, kuma tsofaffin da aka ƙera sun yi suna da wannan faɗuwar ƙara. Feda ce mai ƙarko, jikin ƙarfe, amma wanda zai sayi tsohuwa ya gwada wannan kafin komai.

Gwajin ba wuya. A saita amfilifaya a sauti mai tsabta, a buga tsirkiyoyi duka shida da feda a kashe, a saurara. A kai zurfi rabi, a taka, a sake bugawa da ƙarfin hannu iri ɗaya. Sannan a kai zurfi ƙarshe a maimaita. In sai ka miƙa hannu wajen amfilifaya ka ƙara murya kafin ka ji kanka, to haka za ta yi maka a gaban jama'a.

Sai siffar kaɗawa. Akwai mai laushi, wadda ke hawa da sauka kamar numfashin mai barci, akwai kuma mai sara, wadda ke kunnawa ta kashe kamar ana datsa sautin da almakashi. Maɓallin Wave ko Shape shi ke kai mutum daga wannan zuwa waccan. Mai kiɗa a hankali, mai son sauti ya riƙa shawagi a bayan mawaƙi, laushin kawai yake buƙata, kuma feda mai maɓalli biyu irin Joyo JF-09 ta ishe shi. Mai son sara kuwa ya tabbatar fedar tana kaiwa shiru na gaske tsakanin bugu da bugu, don da yawa ba sa kaiwa.

Dalilin hakan yana cikin yadda aka ƙera su. Wasu da haske suke aiki: ɗan ƙwai yana walƙiya a gaban wani ɓangare mai jin haske, shi kuma yana rage ƙara gwargwadon hasken da ya same shi. Haka amfilifayoyin Fender irin su Twin Reverb da Deluxe Reverb na shekarun 1960 suke yi, haka ma JF-09 da Mooer Trelicopter. Ɓangaren nan mai jin haske yana da ɗan nawa, ba ya farfaɗowa nan take, shi ya sa sautinsu ke da taushi mai daɗi, kuma shi ya sa in aka ƙure sauri sai zurfin ya ragu. Wasu kuma, irin TR-2 da Behringer UT300 mai bin tsarinta, wani ɗan guntun lantarki ne ke riƙe da ƙarar kai tsaye, don haka sun fi kaifi. UT300 tana cikin mafi araha, sai dai jikinta roba ne, ta fi dacewa da ɗaki ko wurin ɗaukar sauti fiye da dandalin da ake taka ta da takalmi kowane dare. Akwai nau'i na uku da ake ce wa harmonic, wanda Fender ya sa a wasu amfilifayoyinsa a farkon shekarun 1960. Shi raba sauti yake yi gida biyu, siriri da kakkaura, in wannan ya hau wancan ya sauka, sai a ji kamar sautin yana juyawa. Da can sai mai kuɗi, yanzu akwai masu sauƙi irin Harmonic Trem na jerin 3 Series na kamfanin JHS, wadda ke da maɓallin ƙara kuma tana yin nau'i biyu. Abu ne mai kyau, amma mai fara koyo ba lallai ya fara da shi ba.

A murɗa maɓallin sauri daga farko har ƙarshe a hankali ana saurare. A fedoji da dama masu araha, saurin da ake amfani da shi a kiɗa yana cunkushe a ɗan ƙaramin yanki, taɓawa kaɗan sai ya tsallake. Ga lissafin da zai taimaka. Waƙa mai bugu 120 a minti tana da bugu 2 a daƙiƙa. Kaɗawa biyu a kowane bugu 4 ke nan a daƙiƙa, uku 6, huɗu 8. Kenan yawancin aiki yana tsakanin 2 da 8, kuma nan ne ya kamata maɓallin ya ba da sarari. Fedar da ƙwanta ke ƙyaftawa daidai da saurin tana taimakawa ƙwarai wajen saiti. Akwai masu makunnin da ake bugawa da ƙafa a ba su saurin waƙa, ana rubuta Tap a kansu. Sun fi tsada, kuma amfaninsu yana fitowa ne in sara ake yi tare da mai ganga, inda kuskure kaɗan ke bayyana. Kaɗawa mai laushi ko ba ta zauna daidai kan bugu ba, kunne ba ya ƙin ta.

Yanzu ga wurin da nake so a kashe kuɗin da aka rage, wato wuta. Galibin fedojin nan volt 9 suke ci na wutar DC, wato irin ta batir, da bakin adafta mai milimita 2.1, kuma tsakiyar bakin ita ce nagetif. A duba zanen da ke jikin feda da na jikin adafta, su zama iri ɗaya. Adaftocin wasu kayan gida tsakiyarsu fozitif ce, bakin kuma yana shiga daram, sai a ƙona feda cikin daƙiƙa. Adafta mai fitar da AC, wato wuta mai juyawa gaba da baya irin ta soket ɗin gida, ita ma ɓarna take yi ko da an rubuta 9 a jikinta. Volt dole ya yi daidai. Miliamfiya kuwa, wato ma'aunin yawan wutar da ake ja, in ta adafta ta fi abin da feda ke buƙata ba komai, fedar abin da take so kawai za ta ja. Tremolo ta gargajiya ba ta da ci, 'yan gomomin miliamfiya ne ko ƙasa da haka, amma masu aiki da kwamfuta a ciki sukan nemi 100 ko fiye. Ƙananan fedoji irin Trelicopter ba su da gurbin batir sam, don haka a sa kuɗin adafta cikin lissafi tun farko.

Tremolo tana da wata matsala tata ta kanta: ƙas-ƙas-ƙas da ake ji a lasifika daidai da saurin kaɗawa, wani lokaci har da fedar a kashe. Bugun LFO ne ke zubowa ta wayar wuta, musamman in an jera fedoji da yawa a kan adafta ɗaya da waya mai rassa, kuma akwai fedar ƙara ƙarfi irin distoshan da ke kumbura ƙaramar hayaniya. Kafin a zargi fedar, a cire ta daga jerin a sa mata batir sabo ko adaftarta ita kaɗai. In ƙarar ta ɓace, laifin na wuta ne, maganinsa akwatin wuta mai keɓe kowace kafa daban. In tana nan ko da batir, ƙirar fedar ce, a mayar da ita. Gurnani mai ɗorewa wanda ba ya bin saurin kaɗawa kuwa yawanci daga adafta marar tace wuta yake, irin wadda in aka auna ta da mita ba kaya a kanta takan nuna 12 ko fiye a maimakon 9. Mai amfani da batir ya riƙa zare wayar jita daga ramin shiga in ya gama, don ramin ne makunnin batir, in an bar waya a ciki yana ci har gari ya waye.

Wurin da aka ajiye ta a jeri yana iya sa feda mai kyau ta zama kamar ba ta aiki. Distoshan da obadiraib, fedojin da ke ba jita ƙazamin sauti, matse sauti suke yi, su ɗaga na ƙasa su danne na sama. In tremolo ta riga su, sai su shafe kaɗawar da ta yi. A sa ta bayansu. In daga amfilifaya ake samun ƙazamin sautin, a sa ta a ramukan baya da aka rubuta wa Send da Return, in akwai. Game da ribab da dile, wato masu amsa kuwwa, zaɓi ne: tremolo a ƙarshe tana sare har da kuwwar, kamar yadda tsofaffin Fender ɗin nan ke yi, a gabansu kuma kuwwar tana cike gurbin shirun sai kaɗawar ta yi taushi. A gwada duka biyun, minti biyar ne.

Wanda zai sayi ta hannu ya je da jitarsa da wayoyinsa biyu da ya san lafiyarsu. Ya murɗa kowane maɓalli yana sauraren ƙarar yashi. In datti ne, feshin wanke mahaɗar lantarki yana gyarawa, in kuma maɓallin yana rawa a gindinsa sai an canza shi. Ya girgiza kan waya a ramin shiga da na fita, kada sauti ya yanke. Ya taka makunni sau goma a jere, kowane taku ya kama, ba tare da ƙara mai ƙarfi kamar harbi ba. Ya buɗe gurbin batir ya duba ko akwai farin gari ko tsatsa a kan maƙalar, alamar batir ya taɓa zubewa a ciki. Daga nan ya kwatanta sautin jita kai tsaye cikin amfilifaya da sautinta ta cikin fedar a kashe. In siririn sautin ya dushe, fedar tana shan sauti ko ba a kunna ta ba, kuma hakan zai ƙara muni da doguwar waya da ta wuce mita biyar ko shida.

Na gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Naka mai karatu, mai gyaran kayan kiɗa na lantarki