Zuwa ga masu aiki da murhunmu na pelet: za mu ƙara wa sandar kunnawa kariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da yayyenmu masu gidajen burodi, da masu kiwon kaji da ke ɗumama 'yan tsaki da murhunmu, barkanku da aiki. Ya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi.

Mun rubuto ne a kan wani gyara da za mu biyo ku har wuraren sana'arku mu yi. Mun fi so ku ji dalilinsa daga bakinmu kafin ku tsince shi a gari.

A tsakiyar daminar nan, wajen ƙarfe uku na dare, wani dattijo mai gidan burodi ya kira mu. Kwaɓi ya tashi, gwangwanaye na jere, yara sun tsaya jiran tanda ta yi zafi. Ya danna makunni, sai ya ji "fat", fitilun fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa murhun, suka mutu, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Abin da ya ce wa injiniyanmu a waya shi ne: "Yaro, buhu huɗu na kwaɓa. Faɗa mini yadda zan yi da su." Kafin a haɗa itace a tsohuwar tandarsa, rabin kwaɓin ya yi tsami. Da gari ya waye muka kwance fanel ɗin. Daidai inda wayar sandar kunnawa ke shiga ya yi baƙi ƙirin, siririn layin jan ƙarfen da ke kwance a jikin allon ya narke ya ɗago kamar ɓawon albasa. Muka ɗora mita a kan sandar, sai ga shi wayar cikinta ta taɓa bututun da ya lulluɓe ta. Sandar nan ba wani kuɗi gare ta ba, amma da za ta mutu sai ta ja fanel suka tafi tare, shi kuwa ya ninka ta tsada sau da yawa, kuma daga waje muke odarsa.

Dattijon bai yi kuskuren komai ba. Mu ne muka haɗa murhun yadda ya zo mana, ba mu tsaya mun auna shi da irin wutar da muke da ita a nan ba. Mun ba shi haƙuri, mun sa masa sabon fanel ba tare da ya biya ba, muna kuma ba ku haƙuri duka.

Ga yadda abin yake. In kun danna makunni, wani sukuru da mota ke juyawa yana turo pelet, wato ƙananan dunƙulen makamashin da murhun ke ci, cikin kaskon wuta, fanka ta tashi, fanel kuma ya sakar wa sandar kunnawa lantarki. Sandar tana yin jawur, iskar fanka ta bi ta jikinta ta ɗauki zafi ta hura wa pelet har ya kama. Minti kaɗan take aiki, daga nan fanel ya kashe ta. Irin wadda muke sawa mai wat 300 ce. A kan volt 230, wato wutar da aka tsara wa gidajenmu a Najeriya, amfiya 1.3 kawai take ja. Fis ɗin da ke kan fanel kuwa guda ne, shi ke ɗauke da fanka da motar sukuru da sandar gaba ɗaya, don haka dole ya zama babba. Ranar da sandar ta haɗe ta ciki, kafin babban fis ɗin ya yanke, ɗan makunnin lantarkin da ke sarrafa ta a kan fanel ya riga ya ƙone.

Saboda haka za mu sa wa sandar fis nata na kanta, mai amfiya 2, a cikin ɗan gida mai murfi a kan wayarta, inda hannu zai kai ba sai an kwance fanel ba. In sandar ta lalace, shi zai fara yankewa, fanka da sukuru su ci gaba da aikinsu. A irin wannan dare kuna iya kunna pelet da hannu, ku gasa burodinku, mu zo da safe da sabuwar sanda. Waɗanda murhunsu ke da sandar tangaran, fis ɗinsu daban ne, mai ɗan jinkiri, domin irin wannan sandar tana fizgar wuta da yawa lokacin da take da sanyi. Kada a musanya su.

A nan ne muke roƙonku don Allah. Mun san al'adar: fis ya yanke, a ɓare waya a ciro silin jan ƙarfe biyu a ɗaure, ko a naɗe shi da takardar azurfar kwalin sigari, aiki ya ci gaba. Mun sha ganin haka a akwatunan wutar gidajen burodi. In aka yi wa wannan fis ɗin haka, an mayar da murhun yadda yake kafin mu zo, har ma ya fi muni, tunda mai shi ya saki jiki yana ganin akwai kariya. Fis ba ya yankewa haka kawai. In kun sa sabo ya sake yankewa, sandar ce ta mutu, ku kira mu. Za mu bar wa kowa fis uku na ajiya, ɗaure a cikin murfin, kuma Alhaji, a nuna wa yaron da ke kwana a wajen tanda, domin shi ne zai tarar da matsalar ba kai ba.

Fis ba ya maganin hawa da saukar wuta, wannan wani ciwon ne daban. Zafin sandar ba daidai da ƙarfin wuta yake tafiya ba, ya fi shi saurin hawa. In wuta ta kai volt 260, sandar mai wat 300 tana fitar da kusan 380, tana cin kanta a hankali. In ta sauka zuwa 180, abin da za ta bayar bai wuce 185 ba, kuma wannan ya fi ba mu tsoro. Pelet ba ya kamawa, sai ya yi ta turnuƙa hayaƙi, sukuru kuma bai daina turowa ba. Kasko ya cika, hayaƙi ya taru, in wutar ta tashi kamawa sai ta kama gaba ɗaya da ƙara, har ta buga ƙofa. Wanda ya leƙa a wannan lokacin fuskarsa ce a gaba. Don haka muna ba da shawarar ƙaramar na'urar tsaro a gaban murhu, mai yanke layi in wuta ta yi ƙasa da 190 ko ta haura 250, ba ta kuma mayarwa nan take sai wutar ta zauna. Wannan jinkirin yana da amfani sosai lokacin da aka dawo da wuta ko aka juya daga janareto, domin a daidai nan fanel ya fi shan duka. A ciki akwai abin da ke shanye bugun tsawa, amma yana gajiya, sai an riƙa duba shi bayan kowace damina.

Sai wayar ƙasa, wato wadda ke janye lantarkin da ya zurara jikin murhu ta kai shi cikin ƙasa. A wurare da dama mun tarar da ita a yanke, ko soket ɗin ma baki biyu ne. In wayar cikin sandar ta taɓa bututunta kamar ta dattijon nan, jikin murhun gaba ɗaya ya ɗauki lantarki ke nan, ga yara da jiƙaƙƙen hannu, wasu ba takalmi, a kan siminti mai laima. Duk inda muka je za mu gwada ta. Inda babu, za mu kafa ƙarfe a ƙasa, mu sa makunnin da ke yankewa da zarar wuta ta zurara da miliamfiya 30. Ba za mu sa hannu a takardar kammala aiki ba sai an yi wannan.

Abu ɗaya da duk waɗannan ba su hana ba: in aka ɗauke wuta murhu na ci, fanka za ta tsaya, hayaƙi ya nemi hanyar dawowa ɗaki. Ku buɗe tagogi, ku bar ƙofar murhun a rufe, kuma kafin a sake kunnawa a kwashe pelet ɗin da ya taru a kasko. Masu kaji, ku ne abin ya fi shafa, ɗakin tsaki a rufe yake. Ƙaramar inbata da batir za su riƙe fanka har wutar ta cinye abin da ke kasko.

Fis da gidansa da kuɗin aiki duk a kanmu suke, ko yaushe kuka sayi murhun. Na'urar tsaro da kayan wayar ƙasa, kuɗin da muka saro su za ku biya, ba riba. Aikin bai kai awa guda ba, amma sai murhu ya huce, don haka ku faɗa mana lokacin da ba ku gashi. Za mu fara da masu kaji, muna so mu gama da su kafin hunturu ya shigo. Ku kira lambar da ke jikin rasit ɗinku, ku karanto mana lambar da ke maƙale a bayan murhun, domin mu san irin sandar da ke ciki kafin mu taso.

Wassalam.

Naku,
Mai shago da sauran ma'aikata